Ranaku Biyu Da Ke Yi Wa Mai Lambu Iyaka A Ƙasashen Sanyi

Filin Kimiyyar Noma

Darasinmu na wannan fitowa zai kai mu ƙasashen da ruwa ke daskarewa a fili cikin dare, mu ga yadda mai lambu a can yake sanin ranar da zai yi shuka. Duk mai biro a aljihu ya fito da shi, domin akwai ɗan lissafi a gaba.

A nan gida idan ka tambayi manomi yaushe zai yi shuka, zai ce maka sai ruwa ya sauka. A Amurka da Kanada da yawancin ƙasashen Turai kuwa, abin da mai lambu ke jira shi ne wucewar sanyi. Dare ɗaya tak ya isa ya kashe tumatirin da aka yi wata biyu ana renonsa. Saboda haka mai lambu a can ba ya yarda da ɗumin da ya ji a jikinsa yau. Yana riƙe ranaku biyu a kalanda, kuma daga su yake ƙirga komai, wani lokaci gaba, wani lokaci baya.

Mece ce raɓar ƙanƙara?

Kowa ya san raɓa, ɗigon ruwan nan da ke kwana a kan ciyawa da sassafe. To idan sanyi ya kai digiri 0 a ma'aunin Selsiyos, wato digiri 32 a ma'aunin Farenhait da Amurkawa ke amfani da shi, danshin da ke iska sai ya daskare a kan ganye, ya zama fari fat kamar an barbaɗa gishiri. Wannan ita ce raɓar ƙanƙara. Kada mu haɗa ta da dusar ƙanƙara, wadda take saukowa daga gajimare, ko ƙanƙarar da kan zubo tare da ruwan sama a farkon damina. Ita wannan a kan ganyen take samuwa.

An fi samun ta a daren da sama ta yi garau, babu gajimare kuma babu iska. Da rana ƙasa tana shan zafi, da dare kuma tana sakinsa. Idan akwai gajimare sai ya zama kamar bargo, ya hana zafin tserewa. Idan babu, zafin sai ya tafi sama, ƙasa ta yi sanyi ƙwarai, musamman gab da fitowar rana. Iska mai sanyi ta fi mai ɗumi nauyi, don haka takan gangara ta taru a kwari kamar yadda ruwa ke yi. Shi ya sa lambun da ke cikin kwari kan lalace alhali na kan tudu, wanda ba shi da nisa da shi, ya tsira.

Akwai wani abin lura. Ma'aunin zafi na tashar yanayi ana ɗora shi ne sama da ƙasa da kimanin mita ɗaya da rabi zuwa biyu. Yana iya nuna digiri 2 ko 3 alhali a can ƙasa, inda ganyen yake, an riga an kai 0. Saboda haka gogaggen mai lambu kan fara shiri tun da ya ji an ce daren zai kai digiri 3.

To yaya take kashe shuka? Jikin ganye cike yake da ƙananan ƙwayoyin halitta masu ruwa. Idan ruwan ya daskare sai ya zama tsinin ƙanƙara, ya janye ruwa daga cikin ƙwayoyin, ya kuma fasa su. Da rana ta fito sai ka ga ganyen ya yi laushi kamar an dafa shi, daga nan ya yi baƙi. Tumatirin da ya kai wannan hali ba ya dawowa.

Lokuta huɗu, ranaku biyu

A waɗannan ƙasashe shekara ta kasu kashi huɗu. Akwai hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da ƙasa kanta ke daskarewa a wurare da yawa. Sai lokacin toho, daga Maris zuwa Mayu, sa'ad da itatuwa ke fitar da sabon ganye. Wasu masu fassara kan kira shi bazara, amma ba irin bazararmu mai zafi ba ce, don haka a nan za mu ce lokacin toho. Sai lokacin zafi, daga Yuni zuwa Agusta. Na ƙarshe shi ne kaka, daga Satumba zuwa Nuwamba, lokacin da ganye ke zuba, sanyi yana dawowa.

Rana ta farko da mai lambu ke riƙewa ita ce ranar raɓar ƙanƙara ta ƙarshe a lokacin toho. Ta biyu ita ce ranar raɓar ƙanƙara ta farko a kaka. Kwanakin da ke tsakaninsu su ne lokacin noma. Duk abin da ba ya jure sanyi, dole ya fita fili, ya girma, ya nuna, a girbe shi a cikin wannan tsakani.

Mu ɗauki yankin birnin Shikago da ke jihar Ilinoi a Amurka. Masu lambu a can sun saba aiki da 15 ga Mayu a matsayin rana ta farko, da 15 ga Oktoba a matsayin ta biyu. Mu ƙirga: saura kwana 16 na Mayu, Yuni 30, Yuli 31, Agusta 31, Satumba 30, sai kwana 15 na Oktoba. Jimla kwana 153, wato wata biyar. Idan aka ƙara yin arewa, ko aka hau tsaunuka, kwanakin sai su ragu. Idan aka yi kudu sai su ƙaru, har a kai kudancin jihar Fulorida inda da wuya a ga raɓar ƙanƙara. A kudancin duniya kuma watannin juyewa suke yi: a Johannasbag ta Afirka ta Kudu, a Yuni da Yuli ne sanyin ya fi tsanani.

Daga ina ake samo ranakun?

Ba duba ba ne, kuma ba alkawari ba ne. Tashoshin yanayi suna rubuta mafi ƙanƙantar zafin kowane dare, shekara da shekaru. Hukumar NOAA mai kula da yanayi a Amurka tana tattara bayanan shekara talatin, kuma waɗanda ake aiki da su yanzu na 1991 zuwa 2020 ne. Daga ciki ake duba ranar da aka yi sanyin ƙarshe a kowace shekara, a fitar da matsakaici.

Nan ne masu koyo suka fi yin kuskure. Matsakaici yana nufin a kusan rabin shekarun sanyin ya wuce kafin ranar, a ɗaya rabin kuma ya sake dawowa bayanta. Wanda ya dasa tumatir daidai ranar da matsakaici ya nuna, tamkar ya jefa kwabo sama ne yana jiran ya ga fuskar da za ta faɗo. Don haka ake fitar da wata rana ta daban, wadda sau ɗaya kawai cikin shekara goma sanyi ke zuwa bayanta. Mai taka-tsantsan da ita yake aiki, ko kuma ya ƙara mako ɗaya ko biyu a kan matsakaicin.

Ko a gari ɗaya ma ranar kan bambanta. Unguwannin Shikago da ke bakin tafkin Mishigan da na tsakiyar birni sun fi ƙauyukan da ke nesa da tafkin daɗewa ba su ga sanyin kaka ba, domin ruwa da gine-gine suna riƙe zafi. Gindin katangar da rana ke duka ya fi tsakiyar fili ɗumi. Saboda haka mai lambu na ƙwarai yana ajiye littafinsa, yana rubuta abin da ya gani a nasa lambun kowace shekara.

Tun kafin a sami tashoshin yanayi mutane sun lura da wannan. A Jamus da maƙwabtanta akwai ranaku biyar, 11 zuwa 15 ga Mayu, da ake kira Waliyyan Ƙanƙara, saboda sun dace da ranakun tunawa da wasu waliyyai a kalandar coci. Har yau masu lambu da yawa a can ba sa fitar da tumatir waje sai waɗannan ranaku sun wuce.

Kayan lambu ba ƙarfinsu ɗaya ba

Da komai sai an jira 15 ga Mayu, da an yi asarar makonni masu yawa. Sirrin shi ne kayan lambu sun kasu gida uku.

Na farko, masu jure sanyi sosai: kabeji, albasa, tafarnuwa, alayyafon Turawa, da fis, wato koren waken nan mai ƙwaya da ake sawa a soyayyar shinkafa. Waɗannan ba sa damuwa da raɓar ƙanƙara mai sauƙi. Idan sanyi ya fara, sukan tara sukari a jikinsu, ruwan da ke da sukari kuwa ba ya saurin daskarewa. A lura, alayyafon Turawa daban yake da namu. Namu ɗan zafi ne, sanyi kashe shi yake yi.

Na biyu, masu matsakaicin ƙarfi: karas, latas da dankalin Turawa. Suna iya tsallake dare mai ɗan sanyi, amma ba mai tsanani ba. Ganyen dankali ma yakan ƙone, sai dai ya sake tohowa daga ƙasa.

Na uku, marasa jure sanyi ko kaɗan: tumatir, tattasai, attaruhu, yalo, kuɓewa, kokwamba, kabewa, kankana, wake da masara. Asalin yawancinsu daga ƙasashe masu ɗumi ne. Ba daskarewa kaɗai ke cutar da su ba. Idan ƙasa ba ta yi ɗumi ba, irin kuɓewa ko kankana sai ya ruɓe a rami bai tsiro ba.

Lissafin shukar farko

Yanzu mu koma Shikago da ranarmu ta 15 ga Mayu.

Masu jure sanyi ana shuka su mako huɗu zuwa shida kafin ranar. Mako shida kwana 42 ne. Idan ka cire 42 daga 15 ga Mayu za ka sauka a 3 ga Afrilu. Mako huɗu kuma zai kai ka 17 ga Afrilu. Ke nan fis da albasa da kabeji suna shiga ƙasa tsakanin 3 da 17 ga Afrilu, muddin ƙasar ta narke kuma ta tsane.

Masu matsakaicin ƙarfi, mako biyu zuwa uku kafin ranar: daga 24 ga Afrilu zuwa 1 ga Mayu.

Tumatir fa? Idan aka jira sai ƙarshen Mayu kafin a zuba irinsa, zai makara. Don haka ake renonsa a cikin ɗaki, a ƙananan tukwane, kusa da taga ko a ƙarƙashin fitila, mako shida zuwa takwas kafin ranar. Wato tsakanin 20 ga Maris da 3 ga Afrilu. Tattasai ya fi shi nawa, shi ana ba shi mako takwas zuwa goma, don haka tun 6 ga Maris ana iya fara shi. Dashe kuwa sai mako ɗaya ko biyu bayan ranar, wato 22 zuwa 29 ga Mayu. Kuɓewa da kankana su ne 'yan auta, sai farkon Yuni, idan ƙasa ta yi ɗumi sosai.

Kafin a dasa, akwai aikin sabawa. Shukar da ta girma a ɗaki ba ta san rana da iska ba. Sai a riƙa fitar da ita waje, yau awa ɗaya ko biyu a inuwa, gobe a ƙara, har tsawon mako ɗaya zuwa kwana goma. Wanda ya tsallake wannan mataki zai ga ganyen ya ƙone ko da ba a yi sanyi ba.

Abin da ke yaudarar mutane shi ne ɗumin da kan zo da wuri. Sai a yi mako guda a Afrilu rana tana haske, kowa ya cire rigar sanyi, sabon mai lambu ya ɗauki tumatirinsa ya dasa. Bayan kwana huɗu sanyi ya dawo, ya tashi da safe ya tarar da baƙin ganye. Dole ya sake sabon reno ko ya je ya sayi dashe, ya zama a bayan wanda ya yi haƙuri. Hausawa suka ce sauri kan haifi nawa.

Lissafin shukar kaka

Shuka ta biyu ta fi buƙatar lissafi, domin a nan baya ake ƙirgawa daga ranar da sanyi zai dawo. A bayan kowace takardar iri ana rubuta yawan kwanakin da zai yi kafin ya isa girbi. Sai mai lambu ya ɗauki wannan adadi ya ƙara masa kwana 14, saboda a kaka yini yana gajarta, rana tana rage ƙarfi, shuka tana tafiyar hawainiya. Idan kuma shukar ba ta jure sanyi, sai ya sake ƙara wasu kwana 14, don ya sami damar girbewa kafin sanyin ya iso.

Misali na farko: latas mai kwana 45. 45 a tara da 14, 59. Ka koma baya kwana 59 daga 15 ga Oktoba, za ka sauka a 17 ga Agusta. Wannan ita ce ranar ƙarshe ta shuka shi.

Misali na biyu: karas mai kwana 70. 70 a tara da 14, 84. Ranar ita ce 23 ga Yuli.

Misali na uku: koren wake mai kwana 55. Shi ba ya jure sanyi, don haka 55 da 14 da 14, jimla 83. Ranar ita ce 24 ga Yuli.

Kun ga abin mamaki? Shukar kaka a tsakiyar zafi ake yin ta, lokacin da babu mai tunanin sanyi. Wanda ya jira sai ya ji iska ta fara sanyi a Satumba, ya riga ya makara.

Kaka tana da nata alheri. Karas da kabejin da ɗan sanyi ya taɓa sun fi zaƙi, saboda sukarin nan da muka ambata. Tafarnuwa kuwa da gangan ake shuka ta a Oktoba, ta yi saiwa, ta kwana cikin ƙasa duk hunturu a ƙarƙashin ciyawar da aka rufa mata, a tone ta wajen Yuli. Ita sai ta sha sanyi take yin kai mai kyau.

Idan sanyi ya zo ba zato

Duk da lissafi, mai lambu yana sauraren hasashen yanayi kullum. Idan aka ce daren zai yi sanyi, da yamma sai ya lulluɓe shukarsa da tsohon zanen gado ko buhu har ƙasa, don ya tare ɗumin da ƙasa ke saki, da safe ya yaye. Yakan kuma yi ban ruwa da rana, domin jiƙaƙƙiyar ƙasa ta fi busasshiya riƙe zafi. Ƙananan dashe ana kifa musu bokiti ko yankakkiyar jarka. Waɗannan dabaru digiri kaɗan suke ƙarawa, amma sau da yawa digiri kaɗan ɗin ne tsakanin rayuwa da mutuwar shukar.

Wani lokaci kuma dabara ba ta isa. A watan Afrilu na 2021, bayan ɗumin da ya sa itatuwa suka yi toho da wuri, sanyi mai tsanani ya sauka a Faransa. Manoman inabi suka kwana suna kunna wuta da manyan kyandura a tsakanin kunyoyi, duk da haka an yi babbar asara. Wani mummunan misali a tarihi shi ne na 1816. Dutsen Tambora da ke Indonesiya ya yi aman wuta a Afrilun 1815, ƙurarsa da hayaƙinsa suka rage hasken rana a duniya. A shekarar da ta biyo baya, dusar ƙanƙara ta sauka a arewa maso gabashin Amurka a watan Yuni, raɓar ƙanƙara ta kashe masara a Yuli da Agusta, abinci ya yi tsada a Amurka da Turai.

To mu ina ruwanmu?

Wani zai ce, ai mu ba ma ganin raɓar ƙanƙara a Kano ko Zariya ko Maraɗi. Gaskiya ne. Amma mu ma muna da namu ranaku biyu.

A noman damina, ranakun su ne saukar ruwa da ɗaukewarsa. Hukumar NiMet takan fitar da hasashen yanayi a farkon kowace shekara, ta faɗi lokacin da ake sa ran damina za ta kankama a kowace jiha, da lokacin da za ta ƙare, da tsawon kwanakin noma. Manomin da ya ruɗu da yayyafin farko ya zuba iri, ruwa kuma ya ɗauke na mako uku, bai da bambanci da mutumin Shikago da ya ruɗu da ɗumin Afrilu.

A noman rani kuwa abin juyewa yake yi. Su suna gudun sanyi, mu muna gudun zafi. Kabeji, latas, karas, tumatir da alkama sun fi yin kyau a lokacin hunturu. Da zarar zafin Maris da Afrilu ya kama, furen tumatir sai ya riƙa zubewa, latas ya yi ɗaci ya miƙe sama. Dalilin ke nan da ake shawartar manoman alkama a wurare irin su Kadawa su yi shuka daga tsakiyar Nuwamba zuwa tsakiyar Disamba, don ƙwaya ta cika kafin zafi ya iso.

Mu gwada a lambun makarantarmu. A ce mun ɗauki 1 ga Maris a matsayin shigowar zafi, tumatirinmu kuma yana buƙatar kwana 70 daga dashe zuwa tsinkar farko. Baya da kwana 70 zai kai mu 21 ga Disamba. Muna son mu yi wata guda muna tsinka kafin zafin, sai mu ƙara kwana 30, mu sauka a 21 ga Nuwamba. Wannan ce ranar dashe. Reno kuma kwana 28 ne, ke nan iri ya shiga bedi a 24 ga Oktoba. Idan muka bari sai mun dawo hutun zangon farko a Janairu, wahala za mu sha da jan ruwa, mu tashi da ganye babu 'ya'ya. 'Yan kulob ɗin manoma, a kai wa malamin aikin gona wannan lissafi ya gyara mana ranakun daidai da garinmu da irin da muke da shi.

Tambayoyi

1. Me ya sa raɓar ƙanƙara ta fi samuwa a daren da babu gajimare?

2. A wani gari ranar sanyin ƙarshe 20 ga Afrilu ce, ta farko kuma 20 ga Oktoba. Kwana nawa ne lokacin nomansu?

3. A garin nan dai, wace rana ce ta ƙarshe da za a shuka kokwamba mai kwana 60 don girbin kaka?

4. Kawo kayan lambu uku masu jure sanyi da uku marasa jurewa.

5. Tambayi wani dattijo mai lambu a unguwarku yaushe yake zuba irin tumatir ko albasa, kuma da me yake gane lokacin ya yi. Rubuta amsarsa.

A rubuta amsoshi a takarda, tare da suna da aji, a saka a akwatin kulob kafin ranar Alhamis. Za mu liƙa sunayen waɗanda suka ci a fitowa ta gaba. Allah ya ba mu ilimi mai amfani, amin.